Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Ƙi Haɗiye Ƙarya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, ni Saja Kefas Yari mai ritaya, tsohon sojan sigina, mai makarantar koyon kwamfuta da ke bayan tashar mota a nan Zuru, nake sanar da 'yan'uwa da ɗalibai da maƙwabta rasuwar kwamfutata, wadda duk unguwa ta sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, 2008, da misalin ƙarfe uku na rana, tana bakin aiki. Ina maimaitawa saboda masu yawo da magana a tasha: tana bakin aiki. Ba tsufa ne ya kayar da ita a kan gado ba.

Shekarunta na haihuwa babu wanda ya sani, don gwanjo ce, ta riga ta yi wa wani ofis bauta a ƙetare kafin ta iso hannuna. Amma shekarunta a gidana bakwai ne cif. Ta zo da launin fari mai ɗan ruwan ƙasa, da tabon wata takarda da aka ɓamɓare a gefenta, da ƙwaƙwalwa mai megabayit talatin da biyu, wadda ko a lokacin ana yi mata dariya. Idan aka kunna ta sai ta yi ƙiit sau ɗaya, ta yi gurr-gurr na minti huɗu, sannan ta buɗe ido. A cikin minti huɗun nan mutum zai iya zuwa ya sayo ƙosai ya dawo. Ba ta taɓa gaggawa don a yabe ta ba, kuma ba ta taɓa ce mini abu ya yi alhali bai yi ba.

Ga waɗanda ba su san aikin da marigayiya ta yi wa duniya ba, bari in yi bayani, don kada a zo gaisuwa ana tambaya a ƙofa. Yaren shirya manhaja da nake koyarwa yana da kompaila, wato mai juya rubutun mutum ya zama abin da inji ke ganewa. A jikin kompailan akwai wani mai bin diddigi da ake kira lint, mu a aji muna ce masa Mai Tsegumi, don aikinsa ya duba rubutunka ya gargaɗe ka tun kafin ɓarna ta faru. Kowane gargaɗi yana da shafinsa a littafin bayani, kuma a kowane shafi akwai misali biyu: ga yadda bai kamata a rubuta ba, ga kuma yadda ya kamata. Ba zan kama sunan yaren ko na masu kula da shi ba, wannan gidan makoki ne.

To, da yawa daga cikin misalan nan babu wanda ya taɓa gwada su. Wani misalin da aka ce mara kyau ne, ka ba Mai Tsegumi ya duba, ko tari ba zai yi ba. Wani kuma da aka ce shi ne mai kyau, kompaila ma ba zai karɓe shi ba. Ni da Gwaggo muka ɗauki littafin daga shafin farko. Ni in buga misali da yatsuna, harafi bayan harafi, ita ta gwada. Wanda ya faɗi in gyara, in zuba a faifan disket, in kai shagon intanet na Beatrice a aika wa masu kula da littafin. Gyara sittin da uku suka karɓa daga teburin nan. Duk wanda ya buɗe littafin yau a ko'ina cikin duniya ya taka sawun Gwaggo, ko ya sani ko bai sani ba.

Maƙwabcina Ladan mai shagon taya ya daɗe yana cewa golmo nake yi wa Turawa. A cewarsa, kakanninmu sun yi shekara bakwai suna noma gonar surukai, amma a ƙarshe ana ba su mata, ni kuwa ko goro babu. Ladan, na ji, kuma ka zo makoki, kujerarka tana nan. Mahaifina ya yi golmo a Manga, kuma abin da ya koya mini daga cikinsa shi ne ba a barin kunya rabi a ce rana ta yi. Abin da nake nema a ƙarshen tawa gonar kuwa shi ne ɗalibina ya kwafi misali daga littafi, misalin ya yi aiki. Shi ke nan.

Ciwon ajalin marigayiya ya samo asali ne bara, daga wajen Malama Fadima. Ɗalibata ce, 'yar Bena, uwar 'ya'ya uku, tana aikin ajiye sunaye a wani ƙaramin asibiti. Ta rubuta manhajar da za ta riƙa tuna wa ma'aikata ranar rigakafin kowane yaro. Da safe manhajar lafiya lau, da rana ta yi sai ta sandare. Shugabanta ya kira ta gaban jama'a ya ce ta koma biro da takarda, kwamfuta ba aikin kowa ba ne. Ta zo nan idonta jawur, ta ce wallahi ba ta ƙara ko ɗigo ba, daga shafi na tamanin da takwas ta kwafo, daga misalin da aka rubuta cewa shi ne mai kyau. Na duba rubutunta sau biyu. Gaskiyarta ce.

Gwaggo ce ta gano ɓarawon. Misalin yana kama wuri a ƙwaƙwalwar inji duk zagayen da ya yi, kuma akwai wata hanya da yake fita ba tare da ya saki wurin ba. Layi ɗaya tak aka manta. A babbar kwamfuta mai ƙwaƙwalwa kamar rumbun mai kuɗi, sai a kwana ana ɗiba ba a ga giɓi ba. A wajen Gwaggo da ire-irenta, waɗanda su ne ke cike da asibitocinmu da makarantunmu, kafin azahar rumbu ya ƙare.

Sau uku na aika gyaran, sau uku mai kula da littafin ya dawo da shi. Karo na farko ya ce a injinsa yana aiki. Karo na biyu ya ce misali ne kawai, ba a yi shi don a kwafa ba. To don a yi me da shi, a rataya a bango? Karo na uku ya ba ni shawara cikin ladabi in nemi sabuwar kwamfuta. Wannan ce ta ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Ya ƙara da cewa ranar Juma'a za a rufe littafin sabon fitowa, kuma ba zai taɓa shafin ba sai ya ga hujja da lambobi. Ma'ana idan Juma'a ta wuce, ƙaryar za ta sake zama shekara biyu a shafin, sunan Fadima kuma ya ci gaba da zama na wadda ba ta iya ba.

Na san fankar Gwaggo ta gaji. Tun watan jiya kukanta ya canza daga fuuu ya koma kar-kar-kar. Maiɗakina Leah, wadda ta ɗinka mata rigar atamfar da take rufa da ita, ta ce in bari a yi ruwan farko gari ya huce. Japhet mai gyara ya ce sabuwar fanka sai mako mai zuwa daga Kontagora. Juma'a kuwa ba ta jiran fanka. Ranar Talata da hantsi na tayar da janareta, na jona mata firinta, na ɗora mata misalin yadda yake a littafi. Duk zagaye ɗari firinta ta buga abin da ya rage a ƙwaƙwalwa. Lambar ta yi ta sauka, rumbun ajiyarta yana gurnani, har ta shaƙe a zagaye na dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu. Na kashe, na kunna, na ƙara layin nan guda. Ta yi awa uku da rabi tana zagaye cikin zafin Afrilu, kwanon ɗakin yana ƙara don zafi, lambar nan ko gezau. Da ƙarfe uku firinta ta ja layi na ƙarshe, Gwaggo ta yi ƙiit mai tsawo irin wanda ban taɓa ji ba, sai warin ƙuna.

Masu cewa ni na kashe ta ba su yi ƙarya ba. Na zauna a gabanta na yi hawaye, ni da na ga abin da na gani a fagen daga ban yi ba. Amma da za a dawo mini da safiyar Talata, wallahi zan sake kunna ta, kuma na san ba za ta ƙi ba.

Ta rasu ta bar monita mai ido ɗaya da ke ɗan karkata zuwa kore, da kibod wanda haruffansa biyar suka goge, da firinta wadda ta tsaya a kanta har ƙarshe, da disket arba'in da wani abu a gwangwanin madara. Ta bar ɗalibai fiye da ɗari biyu daga Zuru har Dirin Daji. Ta kuma bar takarda mai tsawon kamu goma sha biyu, wadda Beatrice ta ɗauki hotonta shafi-shafi muka aika ranar Laraba.

Jiya Alhamis amsa ta zo. An karɓi gyaran. Shafi na tamanin da takwas ya sami layinsa, kuma mai kula da littafin ya rubuta da hannunsa cewa kuskuren na littafi ne, ba na mai kwafa ba. Na sa an buga wasiƙar kwafi biyu, ɗaya tana jakar Fadima, ita ta san teburin da za ta ajiye ta. A ƙasan wasiƙar kuma ya roƙi alfarma: akwai wasu misalai goma sha biyu da yake zargi, ko zan taimaka in gwada su a kan ƙaramar kwamfutar nan tawa, tunda ita ke ganin abin da nasu ba sa gani. Na karanta wannan layin ina tsaye a shagon Beatrice, na nemi kujera.

Dangane da jana'iza, ga yadda iyali suka tsara. Za a zauna gobe Asabar da ƙarfe goma na safe a makarantar. Masu sayen tsofaffin ƙarafa da suka fara zagaye ƙofata da sikeli tun ranar Laraba su hutar da kansu, ba a auna Gwaggo da kilo. Masu niyyar kawo mini sabuwar kwamfuta a matsayin ta'aziyya, na gode, ku kai wa asibitin su Fadima. Japhet ya duba gawar, ya ce babban allon ciki ne ya ƙone, amma ƙwaƙwalwa da rumbun ajiya suna da rai. Ya kuma samo wata sa'arta a Dirin Daji, wadda ta shekara biyu a ƙarƙashin tebur ana ɗora mata tulu. Za a kawo ta a bayan babur. A gaban jama'a za a cire ƙwaƙwalwar Gwaggo, megabayit talatin da biyun nan da aka yi wa dariya, a dasa mata, ba za a ƙara ko ɗaya ba. Gangar jikin kuma a lulluɓe ta da rigar atamfarta, a ɗora ta a kan kantar ajin inda kowane sabon ɗalibi zai gan ta.

Leah za ta dama kunu. Ba a buƙatar dogon jawabi, kuma duk mai kuka ya gama kafin sha biyu, don da sha biyu daidai zan tayar da janareta. Saura misalai goma sha biyu.