Rasuwar 'Yar Busa, Mai Shaidar Numfashina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar abin da zai biyo baya, ni Ɗanbala tela na unguwar Maamobi nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar 'Yar Busa, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata bayan la'asar. Ina kuma roƙo tun yanzu: duk wanda ya gan ni tsaye gaban mai sigari na unguwar Kawukudi ina laluben aljihu, ya ja hannuna ya wuce da ni, ko da na zage shi.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, ƙaramar na'ura ce, ba ta cika tafin hannu ba. Ana jona ta da waya, mutum ya riƙe numfashi, ya hura mata a baki, sai ta faɗi yawan gubar hayaƙin da ke ƙirjinsa. 'Yata Sahada, ma'aikaciyar jinya a Kumasi, ita ta aiko da ita, ta kuma shirya wayar yadda duk abin da na hura zai isa wurinta nan take. Tana da dalilinta. Sau uku ina rantse mata na bar taba, sau uku tana tsintar guntu a bayan keken ɗinki. Da ta haifi Basma, jikata, da raunin ƙirji, sai ta ce, "Baba, ba bakinka zan ji ba. Lamba ta yi kwana casa'in tana kore, in kawo maka Basma."

Marigayiya ba ta san kara ba, ba ta jin nauyin furfura. Ranar farko ta ce ashirin da bakwai, da jan rubutu. Kwana biyu ina fushi da ita. Amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, kuma tun rasuwar uwar yarana, ita kaɗai ke gaishe ni in na dawo daga masallaci da asuba. "Tit, tit, tiiit." Lamba ta fito, huɗu ko uku, da koren rubutu. Kafin ruwan shayi ya tafasa, saƙon Sahada ya shigo: "Sannu Baba." Kwana saba'in da takwas muka yi a haka.

Ciwon ajalinta gajere ne, kuma da hannuna a ciki. Na fita da ita majalisarmu ta shayi don in yi nuni. Osumanu direban motar haya ta trotro, mai shan kwalin taba biyu a yini, ya miƙo hannu. "Cale, abokina Ɗanbala, kawo in hura mana! Ko ƙarfen naka ya fi ƙarfin talaka?" Mutumin da ya ɗauki makarar matata, da wane baki zan hana shi? Ya hura. Ta ce arba'in da ɗaya. Ana cikin dariya na tuna inda lambar ta tafi, da sunan wa ta tafi. Hankalina ya tashi. Na sure butar shayi na kwarara mata ruwan zafi a baki, wai in wanke numfashin Osumanu in hura nawa. Ta yi "tit" sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa, ta yi shiru. Masu gyaran waya na kasuwar Circle sun jujjuya ta, sun miƙo mini, sun ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar waya guda, wadda kullum da safe take ta nemanta, da robar hurawa biyu, ɗaya ko buɗe ta ba a yi ba. Ta bar kwana goma sha biyu da ba su da mai shaida. Ta bar ni.

An yi mata likkafani da ƙyallen farin yadi da ya ragu a shago. Za a binne ta gobe Alhamis da hantsi a aljihun keken ɗinki, kusa da zobban matata. Ba za a yi mata salla ba, liman ya ce in bar wauta. Zaman makoki a shagona ne, akwai koko da ƙosai, kuma ba a shigowa da taba. Osumanu yana iya zuwa, na yafe masa. Ya ce zai rantse wa Sahada a waya cewa numfashinsa ne. Na ce masa rantsuwa ba ta ci a gidanmu yanzu.

Na kira Sahada sau tara, na bar mata saƙon murya biyu. Wayar ta nuna ta saurara. Ba ta amsa ba. Ban sani ba ko ta yarda da ni, ban kuma sani ba ko za ta kawo Basma.