Gawar da Ta Yi Atishawa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ban yafe ba: Ado ne ya naɗe ni a tabarmar shanyar barkono gaban mahaifina. Shi ya sa karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare. Duk wanda ya ce maka ƙwaƙwalwa ce ta gaza, ka ce masa ƙarya yake, hanci ne.

A shekarun tamanin ne, a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke gefen Kura. Ni na kawo shawarar a kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ni na bi malamin Hausa har gida sau uku kafin ya yarda ya tsaya mana. Ni na bi aji-aji ina rubuta sunaye. Ado shi ne na goma sha ɗaya a takardar (na sa shi ne don gidanmu na kallon nasu, ba don ya iya komai ba).

Labarin ma ni na tsara. Manoma biyu ne suke rigima kan layin ban-ruwa. Ɗaya ya toshe ruwa ya juya shi gonarsa, ɗayan ya maka masa fartanya, aka ɗauki gawa zuwa gaban alƙali. Alƙalin nan kaina na rubuta wa shi. Har karin magana bakwai na zuba masa a baki.

Ranar rabon matsayi sai ga Ado da babbar rigar kawunsa da rawani a cikin leda. Malamin Hausa ya dubi rigar, ya dube ni da gajeren wandona, ya ce, "To, alƙali dai ya samu." Na ce ni fa? Ado ya yi caraf ya ce, "Malam, a ba shi gawa, ai shi ne ginshiƙin wasan. In babu gawa babu shari'a." Na ji kalmar ginshiƙi, kaina ya kumbura, na karɓa. (Wautata ta farko ke nan, kuma wannan ba zan ɗora wa kowa ba.)

Mahaifina malamin allo ne, yana kuma noman tumatir da rani. Dama bokon nan da ƙyar ya bar ni. Da aka aika wa iyaye takardar gayyata ta ranar ba da kyaututtuka, ranar da za mu yi wasan, ya ce, "Zan zo in ga abin da kake koyo. In na ga abin kirki, ka ci gaba. In ban gani ba, gona na neman hannu." Ban gaya masa gawa zan fito ba. Na ce masa ni ne ginshiƙi.

Sati uku muna gwaji, kuma wallahi na iya mutuwa. Ko ƙuda ya sauka a leɓena ba na motsi. Kullum da tabarmar masallacin makaranta ake naɗe ni. Ana gobe wasa shugaban makaranta ya hana, ya ce manyan baƙi za su yi salla a kai. Ado ya ce a bar masa, zai kawo daga gida.

Ya kawo kuwa. Tabarmar da innarsa take shanya barkono a kai tun kafin a haife shi.

Da hantsi fili ya cika. Iyaye a benci, dagaci a kujera, Baba a layin gaba da carbinsa. Aka maka min fartanya, na faɗi yadda ya kamata, har na ji wata tsohuwa ta yi salati. Aka lulluɓe ni da farin zane, aka naɗe, mutum huɗu suka ɗauke ni a kan ƙyauren aji. Tun a hanya na gane an cuce ni. Idona ya fara ruwa. Na cije leɓe, na danne numfashi, na karanta duk abin da na haddace. Aka dire ni gaban alƙali. Ado ya gyara rawani, ya buɗe baki zai faɗi karin maganata ta farko.

Na yi atishawa. Irin wadda ke ɗaga tabarma.

Da a nan abin ya tsaya, da an ce iska ce. Amma a gidanmu, wanda ya yi atishawa bai gode wa Allah ba, bulala ce ke tuna masa. Shekara goma sha shida ana dasa min wannan. Bakina bai yi shawara da ni ba. Daga cikin likkafani, da murya sarai, gawa ta ce, "Alhamdu lillahi."

Sai na ji muryar Baba daga layin gaba, a natse, yadda yake yi a zaure: "Yarhamukallahu."

To ka san wanda aka yi wa wannan addu'a, wajibinsa ne ya mayar. Kuma mahaifina ne. Na auna wasa, na auna bulala. Gawa ta ce, "Yahdikumullahu wa yuslihu balakum."

Dagaci sai da aka riƙe shi don dariya. Masu ɗaukar gawa suka zube ƙasa. Wanda ya kashe ni ya ce, "Allah gafarta malam, tunda ya tashi, a sallame ni mana." Shi aka tafa wa. Alƙali kuwa yana ta dariya har rawanin kawunsa ya warware.

Baba bai yi dariya ba. A hanyar gida, muna bin bakin kwalbati, sai da muka kusa ƙofa sannan ya ce, "Ladabinka ya yi. Amma shekara uku ana koya maka mutuwa, ita ma ba ka iya ba. Gobe da asuba ka ɗauki fartanya." Tun ranar nake cikin tumatir. Sunana na yanka kuma ya ɓace. Daga Kura har Bunkure, Yarhamu ake ce min. Har matata, in ranta ya ɓaci.

Abin da na koya bai fi biyu ba. In an kira ka ginshiƙi, tambayi me za a ɗora maka. Kuma kada ka kwanta a tabarmar da ba ka sunsuna ba.

Bara muka haɗu da Ado a wajen ɗaurin aure a Bunkure. Ya yi ritaya daga aikin ofis a Kano, ya yi tumbi, babbar rigar yanzu tasa ce. Ya hango ni cikin jama'a ya ɗaga murya: "A'a, Yarhamu! Kana nan da ranka?"

Na matsa har ina jin ƙamshin turarensa, na ce, "Ina nan, Allah gafarta alƙali. Jira nake. Ranar da taka ta zo ta gaske, kada iyalinka su wahala neman tabarma. Na ajiye maka ɗaya, bana ma attaruhu na shanya a kanta. Sai mu ga ko kai ka iya."