Ranar da Aka Yi wa Tankin Kifin Kawu Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma dangi ba za su bari in manta ba, da lokacin da Kawu Bukar ya tafi Umra da iyalinsa ya bar mini gadin gidansa na GRA. Gidan ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron yana falo: wani dogon tankin gilashi mai ruwan gishiri, cike da ƙananan kifayen teku masu launi da murjani mai rai. Kawu dillalin shanu ne, amma tun da ya ga irinsa a Jidda ya ƙwallafa rai sai da aka haɗa masa.

Kafin ya tafi ya tsayar da ni ya yi mini bayani. Abinci ɗan kaɗan. In ruwa ya ragu, a ƙara daga na'urar tacewa da ke kicin kawai. Ya nuna mini kwalbar gwaji, ya ce idan ruwan cikinta ya koma shuɗi sosai, sinadarin fosfet ya yi yawa, kuma shi ne takin gansakuka. Na yi ta gyaɗa kai. (Gaskiya ba na saurare. Babana sayar da kifi ce sana'arsa a Kasuwar Kifi ta Baga Road, a ganina ba wanda zai koya mini kifi. Ban tuna cewa namu duk busassu ba ne.)

Sai tausayi ya kama ni. Kifayen nan kullum suna bin yatsana a jikin gilashi kamar marayu. Na fara ninka musu abinci, har da marmasa musu banda. Zafin Maiduguri kuma ya yi ta shanye ruwan, na'urar kicin tana ɗiga kamar ba ta so, sai na kira mai moya, wato ɗan garuwa, ya juye mini jarka a tankin.

Da farko wani kore-kore na gani a kan duwatsu. Kafin in ankara ya zama gashi, yana kaɗawa, ya lulluɓe murjanin. Na yi gwajin. Ruwan kwalbar ya yi shuɗi kamar an jiƙa shuni.

Wanda bai san Kawu ba ba zai gane halin da na shiga ba. Ba ya faɗa. Kallonka kawai zai yi, ya ce "To," kuma daga ranar ka fita daga harkarsa. A wurinsa nake aiki, a gidansa nake cin abinci. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ɗauka shi ne. Abinci ya daina shiga. Da safe nakan leƙa falon da ido ɗaya, ina ƙirga masu rai.

Na bincika a waya, na ga an ce gansakuka ba ta rayuwa ba haske. Na kashe fitilar tankin, na ɗauko wani babban farin zanen gado mai kauri na rufe shi ruf daga kai har ƙafa. Na saki labule. Ƙarni ya dame ni, na kunna turaren wuta. Sannan na shimfiɗa darduma a gabansa na zauna da carbi, idanuna jajur, ina roƙon Allah ya rufa mini asiri.

A haka Ya Falmata, yayar Kawu, ta shigo daga unguwar Mairi duba gida. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi dogon abin da ke lulluɓe, ta dubi hayaƙin turare, ta dube ni.

"Ɗana, yaushe?" ta tambaya a hankali.

Ni kuma na ɗauka ta gano. Na sunkuyar da kai na ce, "Tun shekaranjiya abin ya tsananta, Ya Falmata. Na yi iya ƙoƙarina. Don Allah kada Kawu ya ji."

Ta dafe ƙirji ta fita tana salati. Na zaci fushi ta yi. Ashe waya take bugawa.

Kafin la'asar an fara sallama. Mata suka cika tsakar gida, maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi a ƙofa, wani dattijo ya riƙe hannuna yana cewa in yi haƙuri, duk can za mu. Sai da limamin unguwa ya tambayi wanda zai yi wanka, sannan na tashi na yaye zanen.

Mutane suka matso kusa. Ga ruwa kore kamar miyar kuka, ga wani ɗan kifi ruwan lemo ya leƙo daga cikin gansakuka yana kallon jama'a.

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Kawu ne, an riga an yi masa gaisuwa har Makka.

"Wa ya rasu a gidana?"

"Babu kowa, Kawu," na ce. "Tukuna dai."

Na faɗa masa komai a gaban mutane. Na tsaya ina jiran "To" ɗin nan. Maimakon haka ya ce in bar bandar, in riƙa canza ruwan kaɗan-kaɗan da tataccen da aka haɗa da gishirinsa, in cire gansakukar da buroshi, in sa maganin tsotse fosfet da ke cikin kabad a matatar ruwan tankin. Ashe maganin yana nan tun farko, kuma ya nuna mini shi ranar da nake gyaɗa kai.

Kifayen sun rayu. Murjani ɗaya ya yi fari fat ya mutu, kuma da Kawu ya dawo ya ɗora shi a kan teburina na wurin aiki. Ya Falmata ta yi wata ba ta amsa gaisuwata.

Abin da na koya shi ne, in ka ɓata kayan mutum, gara ya ji daga bakinka tun abin yana ƙarami. In kuwa ka nace sai ka rufe, to ka nemi zane mai fure, kuma ka kulle ƙofa.