Masassarar Akwatin Jita

Duk ƙasar Adar, daga Madawa har Keita, ba a taɓa yin masanin wutar lantarki kamar Malam Filibus ba. Mai shakka ya je ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Aikinsa a asibitin mishan dafa allurai ne cikin tukunya, amma ya taɓa yin wata uku a Yamai, a wani gida mai kallon shagon mai gyaran rediyo, kuma mai kaifin basira irinsa ba sai ya tsallaka titi ba. Ya dawo da turnabis na kwance kusoshi a aljihun gaba, inda wasu ke sa alƙalami. Muka sa masa suna Mushe Kuran, wato Malam Lantarki da Faransanci, don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

A shekarar 1966 baturen da ya kawo wa majami'armu jita mai lantarki ya tafi hutu ƙasarsu. Tare da jitar akwai wani baƙin akwati mai ƙara mata murya, wanda ake kira ampili, da kwalabe biyar jere a bayansa. Habila kafinta ke kaɗa jitar, amma akwatin bature ne ke kunna shi da kansa tun kafin jama'a su taru, don haka babu wanda ya san halinsa. Da zai tafi sai ya bar shi hannun Filibus, saboda ɗakinsa ne kaɗai mai siminti da kwaɗo. Filibus bai fahimci zancen haka ba. A wajensa an duba ƙasar nan kaf, an zaɓi gwani.

Saura kwana uku a ɗaura auren Rahila, ƙanwar Habila. Yarinyar ba ta roƙi yayanta gado ko kujera ba. Abu ɗaya ta ce tana so: ta shiga majami'a jitarsa na tashi, har dangin ango da za su zo daga Allakaye su ji da kunnensu. Habila ya yi mata alkawari.

Ranar Laraba aka tayar da injin wutar asibiti don gwaji. Filibus ya iso da akwatin a kan jaki, ya sa jama'a suka ja baya taku bakwai, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai shiga ɗakin fiɗa, sannan ya danna makunni. Habila ya kaɗa. Shiru. Filibus ya leƙa bayan akwatin, ya ga cikin kwalaben ya fara ja kamar garwashi, ya yi wuf ya kashe.

"Allah ya kiyaye, da ba ni nan da mun ƙone dut," ya ce. "Wanga ampili masassara gare shi. Ni da nika ganin marasa lahiya kullum, in na ga ido ya yi ja na san abin da an nan."

Habila ya ce, "Baba Filibus, ko mu bar shi kaɗan mu gani?"

"Ɗana, kai katako ka sani. Katako ba ya kisa. Kuran kuwa ba a yi mishi mu gani."

Daga nan aka shiga jinya, kuma gaskiya ba a taɓa yi wa majinyaci hidima irin wannan ba. Filibus ya zare fis ɗin akwatin, ɗan abin nan mai katse wuta in ta yi yawa, ya ɗaga shi ga rana, ya ga siririn zarensa lafiya lau, ya yi masa kallon tuhuma ya mayar. Ya bi wayar jita taku-taku yana murzawa. Ya ƙwanƙwasa bakin lasifikar da yatsa, ya kara kunne yadda yake ganin likita na yi wa ƙirjin tsofaffi. Ya zare kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya hura, ya goge da gefen riga. Bayan kowane mataki sai ya kunna, ya ƙirga goma da Faransanci, domin a nan Faransancinsa ke tsayawa, ya ga ja, ya kashe. Sai kuma a yi ta fifita da mafici har akwatin ya huce sarai.

Ranar Alhamis ya kai shi gindin randa ya kwantar, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Ranar Juma'a ya hana ziyara. Matan zumunta masu daka hatsin biki a maƙwabta aka aika musu su sassauta taɓarya, majinyaci na hutawa. Habila dai ya rasa abin da ke masa daɗi. Da la'asar ya sami Rahila ya ce mata, "Ki yi haƙuri, abin ya hi ƙarhina." Ta ci gaba da tsintar wake, kuma hakan ya fi masa ciwo da a ce ta yi kuka.

Asabar da hantsi majami'a ta cika. Mutanen Allakaye sun zauna a gaba, suna leƙen akwatin da suka sha hanya don su ji. Maƙwabtanmu musulmi sun jeru a tagogi. Amarya na tsaye a ƙofa cikin ƙawayenta. Habila ya zauna gefe da jita a cinya, wayarta a jone, yana ɗan taɓa ta a hankali, muryarta ba ta wuce ta sauro ba.

Da wani ne, da ya ɓoye akwatin ya yi shiru. Filibus ba wani ba ne. Ya tashi ya tsaya gaban jama'a domin su san irin yaƙin da ya yi. Ya danna makunni don kowa ya shaida gawar da idonsa, sannan ya juya wa akwatin baya, ya gyara murya.

"Ƴan'uwa cikin Ubangiji, da baƙinmu da sunka taho daga nesa, kun dai gani, na kunna, bai ce komi ba. Kwana ukku ban runtsa ba. Lokacin da nike Yamai, manyan injiniyoyi na nasara in sun ga irin wanga ciwo, hula sukan cire. Ni ban cire ba. Na duba fis, na duba waya, na duba lampu biyar ɗai-ɗai. Na hwaɗa muku, da wani ne ba ni ba..."

Filibus in ya fara zancen kansa yakan manta da duniya, balle makunni. Goma ta wuce, ashirin ta wuce, ba mai ƙirgawa. Kwalaben suka yi ja, suka ƙara ja, suka sami abin da aka hana su tun Laraba. Akwati irin wannan ashe kamar tandar waina yake, sai ya ɗau zafi yake aiki.

Da farko wani ɗan gurnani aka ji. Sai muryar jita ta taso daga ƙasa, tana kumbura, har ta cika ɗakin. Habila ya dubi yatsunsa, ya dubi ƙofa, ya miƙe tsaye ya saki waƙar da ƙarfinsa. Mata suka rangaɗa guɗa. Rahila ta shigo tana dariya da hawaye, mutanen Allakaye suka buɗe baki suka manta da rufewa. Filibus na nan tsaye, bakinsa na motsi, hannunsa na nuna Yamai, ba mai jin ko kalma ɗaya.

Bayan an tashi ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana bayani cewa sanyin randa ne ya yi aiki, maganin dai yakan ɗau lokaci. Dattijo Yakubu, shugaban dattawan majami'a, mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa rai. Ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Malam Filibus, mun ga aikinka. Daga yau kowace Lahadi kai ad da kunnawa. In ka kunna, ka juyo ka yi muna jawabi, kada ka waiwaya."

Filibus ya karɓi muƙamin da murna, har ya ɗinka sabuwar riga. Kowace Lahadi yakan zo da jawabi mai shafi huɗu, ya danna makunni, ya gyara murya. Habila kuma yakan ɗora yatsa a kan tsirkiya yana jira. Shekara uku ana haka, kuma har yau babu wanda ya san abin da ya faru a Yamai bayan injiniyoyi sun cire hula.