Yaƙin Allon Shagon Shu'aibu Mai Aski

Da sunan Mai tsirar da gashi a kawunan talikai muke buɗe tarihin Shu'aibu ɗan Jatau, jikan Barmo Sarkin Aska, wanda kakanninsa suka sauke sumar sadaukai tun ana wasa aska a kan dutse. Guguwar ƙeya, dodon gemu, fasa taron ƙwarƙwata, ma'abocin shago a bakin tashar Malumfashi.

A shekarar da abokin gabarsa Habila ya kafa sansani a tsallaken titi, ya rataya allo mai kalmar Turanci, Barber, sai masu suma suka riƙa yin hijira can ƙungiya-ƙungiya, har almakashin Shu'aibu ya soma tsatsa. Gwarzon ya fusata. Ya zaro ƙamus kamar takobi daga kube, ya kutsa cikin rundunar baƙaƙe yana sara da ɗan yatsa dama da hagu, har Allah Ya haɗa shi da Barbarian, zanƙaleliya mai haruffa tara. Bai tsaya duba fassara ba, domin barde ba ya tambayar ganima asalinta.

"Ina shida, ina tara!" ya yi kururuwa. "Wannan ai shi ne uban masu aski!"

Ya hau tsani, ya rangaɗa ta a allon shagonsa da jan fenti, ya sauko yana yi wa kansa kirari.

Kwana uku tuta na sama, sai ga Malam Iliyasu, tsohon malamin Turanci, ya zo gyaran gemu. Ya ɗaga kai, ya dafe maƙogwaro, ya ja da baya.

"Shu'aibu, Barber ne mai aski. Wannan kuwa baubawa ne marar imani, irin masu fille kawuna."

"Malam, ashe ba wa da ƙane ba ne?"

"Ko unguwa ba su haɗa ba."

Nan take sadaukin ya sake ɗarewa tsani da farin fenti, ya afka wa haruffan ta dama, bai sassauta ba sai da ya hallaka shida. Uku suka tsira: Bar.

Kafin la'asar wani direban tirela ya leƙo ya ce, "Maigida, a ba ni giya kwalba biyu masu sanyi." Liman, da ke wucewa, ya rafka salati ya sauya hanya.

Yanzu allon shi ne ƙyauren akurkin kajin uwargidan Shu'aibu, an juya rubutun ciki.