Yadda Za Ka Bar Fanka Ta Yi Maka Aiki a Ɗakin Gwaji

Kai ma'aikacin ɗakin gwajin kayan lantarki, kana son ƙarin girma amma ba ka son wahala? Matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin wata uku shugabarku za ta riƙa nuna ka a matsayin abin koyi. Ni da kaina na gwada.

1. Zaɓi tsohuwar na'ura

A kan kowane tebur akwai na'urar ba da wuta, wadda ake jona abin da za a gwada a jikinta. Ɗauki mafi tsufa. Ita da ka kunna ta fankarta za ta kama gurnani, ko an jona mata wani abu ko ba a jona ba. Sababbin nan munafukai ne, ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafin aiki na gaske. Me ya haɗa ka da mai tona asiri?

2. Gyara fage

Maƙala jar waya da baƙa a jikin wani mataccen allon lantarki. Karkata fuskar na'urar wajen bango, don sifili take nunawa, sifili kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Ɗaure fuska, saƙala biro a kunne, wayar hannu a kan cinya.

3. Bar ƙara ta amsa

Shugabarmu, Injiniya, daga ofishinta take ɗaga murya: "Ana aiki kuwa?"

Sai in ce, "Ranki ya daɗe, ai kina ji."

Tana ji kuwa. Masana sun tabbatar kunnen shugaba ya fi idonsa saurin gamsuwa. Ni ne masanan.

4. Yi hattara da mai mita

Kowane ɗaki yana da irin Mai Gilashi, abokin aikin da Allah bai ba shi haƙurin zama ba. Namu ya zo da mita, ya gano na'urata tana zuƙar wuta yini guda ba ta tsinana komai. Ko a jikinka. Ka ce sai ta ɗumama rabin awa kafin awonta ya daidaita. Wannan gaskiya ne. Kai dai ka ja rabin awar har lokacin tashi.

5. Idan aka canza maka sabuwa

Haka aka yi mini, wai don saka wa ƙwazona. Ɗaki ya yi tsit, har hammar da nake yi ana ji. Wallahi na tsorata. Sai na samo ƙwan fitilar mota, na jona shi, na cusa a durowa. Ya ja wuta, na'ura ta yi zafi, fanka ta dawo bakin aiki.

6. Toshe bakin durowa

Wannan matakin ne na tsallake. Injiniya ta shigo da takarda a hannu, fuska a sake, sai ta ja ta tsaya.

"Malam, durowarka ce ke haske haka?"

"Gwaji ne, ranki ya daɗe."

Ta jawo ta. Ga ƙwai yana ci, kwance kan rahotona na wata, wanda ban da kanu babu komai a cikinsa, gefensa har ya fara babbakewa.

Ta dubi takardar hannunta, ta linke ta huɗu. "Ƙarin girmanka ne na kawo maka," in ji ta. "Ashe fanka ya kamata in rubuta wa."

Mai Gilashi ya kawar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, babu ruwana, ban san ka ba, ba mu taɓa haɗuwa ba. Mai ƙorafi ya same ni a ɗakin janareta, can Injiniya ta mayar da ni, ta ce tunda ƙara nake so. Ka ɗaga murya idan ka zo, ba na ji sosai yanzu.