Rasuwar Makullin Sa Hannu Ɗaya Tilo

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon kwamfuta, matashin nan mai haɗa manhajojin waya, wanda 'yan gidansu ke kira Ba-Zama, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar makullinsa na sa hannu.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan fayil ne mai buga wa manhaja hatimi, don waya ta shaida daga hannun mai ita ta fito. Tun da Ba-Zama ya ajiye makaranta ya taɓa gyaran waya, ya taɓa tuƙin babur, ya taɓa tallar caja, ba abin da ya daɗe da shi kamar marigayin. Bai taɓa ƙorafi ba. Muryarsa ɗaya ce, ɗan "ƙilin" da kwamfuta ke yi idan an soka filashin da yake zaune a ciki.

An sha ba Ba-Zama shawarar ya yi wa kowace manhaja nata makullin. Ya ga abin da wahala, ya jibga wa marigayin dukkansu, shi kuwa ya ɗauka ba musu.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Filashin ya bi aljihun wando zuwa wanki, yayarsa ta cuɗa, ta matse, ta shanya, ta bi da dutsen guga. An hura, an goge, an gwada a kwamfutar maƙwabta, shiru. Ba-Zama mutum ne mai tanadi, ya ajiye kwafi. Kwafin ma yana cikin filashin.

Marigayin ya bar marayu: manhajar mai shagon magani, da ta makarantar koyon tuƙi, da autarsu, ta kawunsa tela, mai riƙe da awon kwastomominsa kaf. Ita autar ba lafiya gare ta ba, da an taɓa shafin awo sai ta rufe kanta. Ba-Zama ya gama haɗa gyaran, ya buga masa hatimi da sabon makulli, amma waya ta ƙi karɓar baƙon hatimi. Sai an goge tsohuwar a sa sabuwa, awon kuma ya tafi tare da ita.

Kawu bai yi faɗa ba. Tef ɗin awo kawai ya miƙa masa.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a shagon kawu, inda za a goge manhajar. Masu cewa dama sun faɗa, an karɓi gaisuwarsu daga nesa. Kwastomomi kuwa su zo da kafaɗunsu da ƙugunsu, Ba-Zama na nan da tef a wuya har sai ya auna na ƙarshe.